Masaukin baƙi na ekklesiya a Maraɗi, ga abin da muka gani da muka je duba ɗanmu

Mata da yawa a zumunta sun dame ni da tambaya kan inda muka sauka a Maraɗi lokacin da ni da maigida muka je duba ɗanmu da matarsa, musamman waɗanda su ma yaransu na aikin bishara a Nijar, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Mun sauka ne a wani ƙaramin gidan saukar baƙi na ekklesiya a cikin gari, duk ma'aikatan mishan da ke yankin sun san shi, in kin tambayi ɗanki zai kai ki. In za a ce in ba su maki zan ba su huɗu cikin biyar, kuma ɗayan da na riƙe ina da dalili, zan faɗa a ƙasa.

Da farko dai ni ban so zancen masauki ba sam. Ɗana ne ya kira yace Mama mun kama muku ɗaki a cikin gari, raina ya ɓaci, nace yaya zan taso tun daga Jos in zo ƙasar da ɗana yake kuma in kwana a gidan haya kaman wadda bata da kowa. Sai da na ga inda suke zaune a ƙauyen na gane. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, ga jariri, ga littattafai a kwali, ga mutane na sallama tun asuba wannan yana son magani wancan yana son a karanta masa takarda, ruwa kuma sai an je rijiya. Da mun sauka a wurinsu da surukata ta bar mana katifa ta koma tabarma, da ta yi ta dafa abin da ya fi ƙarfin aljihunsu don kar a ce bata kula da iyayen miji ba, kuma duk wanda ya san abin da mai bishara ke samu a wata ya san sati ɗaya na irin wannan hidima zai iya cinye kuɗin wata guda. Shi ya sa yanzu nake gaya wa kowace uwa, ki kama ɗaki, ki biya da kuɗinki, ki bar yaran su zo wurinki.

Hanya tukuna. Mun bi ta Kano zuwa Katsina muka kwana, da safe muka kama hanyar Jibiya, aka tsallaka iyaka aka shiga Ɗan Isa, daga nan Maraɗi ba nisa, gaba ɗaya daga Katsina bai kai kilomita 100 ba amma shingaye da duba takardu su ke cin lokaci. Ku riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, kar ku ce ai Hausa ake ji a can za a bar ku ku wuce. Kun dai san an rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sai a watan Maris 2024 aka buɗe, sannan Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025, to abubuwa na canzawa, kuma hanyar Jibiya kowa ya san halin da take ciki, ku bari yaranku su faɗa muku ranar da za ku taso, kuma da safe, banda yamma. Masaukin suna da direba da suke aiki da shi wanda ke ɗauko baƙi daga bakin iyaka, shi ya ɗauko mu, dattijo ne mai haƙuri, ya san kowane shinge, shi ya riƙa miƙa takardunmu yana magana da su da Faransanci mu muna zaune a mota. Wannan kaɗai ya isa a gode musu domin ni da maigida ko kalma ɗaya ta Faransanci ba mu ji.

Gidan kansa ba wani babba bane. Ɗakuna ne a jere suna fuskantar tsakar gida, da bishiyar dogon yaro babba a tsakiya da kujeru a ƙarƙashinta, ba bene, wanda ya yi mana daɗi saboda gwiwar maigida. Ɗakin a share yake tas, zanen gado wankakke yana ƙamshin rana, akwai fanka, akwai gidan sauro, akwai tebur da kujera da fitila mai caji. Babu talabijin babu intanet, in kina son kira sai ki sayi layin Airtel ko Moov na can, kuma sai da katin shaida ake yi miki rajista. Akwai maigadi dare da rana kuma ba kowa yake bari ya shigo ba sai ya zo ya tambaye ki tukuna.

Amma abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu shine kicin, da matar da ke kula da gidan, kowa Maman gida yake ce mata. Ranar da muka iso ta ga ina sauke kaya, ga acca a buhu, ga daddawa, ga yakuwa busasshiya, ga gauta, ga manja a galan, ta tsaya ta duba kawai tace Mama kin zo ki dafa wa yaronki ne ko? Nace eh. Tace to zo in nuna miki. Ta kai ni bayan gida inda suke da kicin na baƙi daban da nasu, da murhun gas da na gawayi, tukwane manya da ƙanana, turmi da taɓarya, har da muciya, ta miƙo mini makulli tace naki ne har ki tafi, gas kawai za ki biya. Ban taɓa ganin masaukin da ya yi wannan tunani ba. Otal zai baki gado da abinci, amma uwar da ta yi shekara da shekaru bata ga ɗanta ba ai ba gado ta zo nema ba.

Washegari na dafa gwate. Na tashi tun da sauran duhu na wanke accar na rege ta sosai don tsakuwa, na sa ƙashi ya dahu har ya saki, na zuba accar ina juyawa kar ta yi gudaji, sannan gauta da yakuwa da alayyafo da Maman gida ta aiko yarinya ta sayo mini a kasuwa, na daka gyaɗa na zuba a ƙarshe. Da suka iso a kan babur, shi da matarsa da jaririn a goye, ƙura ta rufe su har gira, ɗana ya tsaya a bakin kicin bai ce komai ba, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rana ta ƙona shi. Ya zauna a ƙasa a kan tabarma ya ja kwano ya ci ya ƙara ya sake ƙarawa, babansa na kallonsa yana share ido da hula. Surukata kuma na karɓi jaririn nace mata je ki ɗakinmu ki kwanta, 'yata, ta yi barci tun hantsi har la'asar ba wanda ya tashe ta, da ta farka tace Mama rabona da barci irin wannan tun kafin in haihu. Maman gida bata ce mana ƙala ba kan cewa mun tara mutane a ɗakin mutum biyu, sai ma ta kawo ƙarin tabarma da filo, kuma da dare ya yi musu wata rana ta basu ɗakin da ba kowa a rabin kuɗi saboda ma'aikatan bishara ne.

Abincin gidan kansu, na rana da na dare ba laifi. Tuwon gero miyar kuka, shinkafa da miya, wata rana dambu da zogale wanda gaskiya ya fi wanda na saba ci daɗi, fura da nono mai kyau in kin ce a sayo. Gero a can shine abinci, kuma sun iya shi. Kilishin Maraɗi ma ba sai na faɗa ba, direban ya kai mu inda ake yi muka saya na tsaraba. Abin karin safe ne ban ji daɗinsa ba, kullum dogon biredin nan nasu mai tauri da shayi, kuma shayin an riga an zuba masa sukari da madara a buta ɗaya tun daga kicin. Maigida yana da ciwon sukari, na faɗa ranar farko aka ce to, washegari aka sake kawo mai sukari, na sake faɗa, sai da na je da kaina na samu yarinyar da ke dafawa na nuna mata kafin aka fara ware masa nasa. Gidan da yawancin baƙinsa dattawa ne, fastoci da iyaye, bai kamata sai an yi ta maimaita wannan ba.

Zancen ciwon sukarin ne ya kawo ni kan wuta. Nijar na sayen wuta mai yawa daga Najeriya, har an taɓa yanke musu a watan Agusta 2023 lokacin takunkumi, to ɗauke wuta ba baƙon abu bane a can kaman yadda ba baƙo bane a wurinmu. Gidan na da sola amma fanka da ƙwan fitila kawai take ɗauka, firij baya kai, kuma ba a gaya mana haka ba lokacin da ɗana ya kama ɗakin duk da ya faɗa musu babansa na yin allurar insulin. Daren da wuta ta daɗe bata dawo ba hankalina ya tashi. Maman gida ta fito da fitila ta ɗauko tukunyar ƙasa ƙarama ta sa a cikin babba, ta cika tsakaninsu da yashi ta jiƙa shi da ruwa, ta sa maganin a leda a cikin ƙaramar ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye a inda iska ke bi, da safe na taɓa kwalbar da sanyinta. Tace haka suke yi wa masu irin wannan magani a ƙauye. Na gode mata ƙwarai kuma har yanzu ina gode mata, amma duk da haka ina ganin ya kamata su faɗa wa mutum gaskiya tun kafin ya taso don ya zo da shirinsa, ko su haɗa ƙaramin firij ɗaya da solar saboda magani kawai.

Ruwa kuma da dare yake zuwa, suna tara shi a durom da bokitai, ba mu taɓa rasa na wanka ba, na sha kuma na leda ko na gora muke saya.

Kuɗi fa, ku shirya. Sefa, kuɗin Nijar, a ɗaure take da yuro, ita kuma naira tun da aka sake ta a 2023 kun san yadda ta faɗi, to abin da ɗan Nijar zai ce miki ba tsada ke in kin juya shi zuwa naira sai kin riƙe baki. Kuɗin ɗakin daidai ne in an kwatanta da otal na cikin gari, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ki lissafa da na mota da na cefane da abin da za ki bar wa yara. Kuma a kasuwa da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, in an ce miki dala ɗari to sefa 500 ake nufi, jika ɗaya kuma 1000, ki sa wannan a ranki kafin ki fara ciniki. Masaukin basa karɓar naira kuma basa karɓar tiransifa daga bankin Najeriya, sai sefa a hannu. Wani abu da ban so ba shine basa bada rasit sai ka nema, kuma ɗakin da aka kama ta WhatsApp ba a rubuta shi a littafi ba, da muka iso sai da aka ɗan yi ta neman saƙon a waya kafin aka tabbatar, Allah ya sa akwai ɗaki. Da lokacin wani babban taro ne na ekklesiya da ban san inda za mu kwana ba.

Akwai wata magana da Maman gida ta zaunar da mu ta yi mana a daren farko wadda nake so kowace uwa da kowane uba su ji. Tace Baba, Mama, ku yi haƙuri zan faɗa muku abin da nake faɗa wa duk iyayen da suka zo, kar ku ɗauki hoton mutanen ƙauyen da ɗanku ke aiki ku sa a Facebook, kar ku rubuta sunan garin, kar ku tsaya a kasuwa ko a mota kuna ba da labarin aikinsa, ku za ku koma gida shi kuma zai zauna. Kiristoci a Nijar basu kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma mutane basu manta da Janairu 2015 ba lokacin da aka ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Ta kuma ce in kun je ƙauyen ku fara zuwa gaida maigari da liman kafin komai, Mama ki rufe kanki, ku karɓi ruwan da aka baku. Haka muka yi. Kuma gaskiya abin da na gani a ƙauyen ya kwantar mini da hankali fiye da duk wayar da ɗana ya taɓa yi mini, maigari ya riƙe hannun maigida ya daɗe bai saki ba yana cewa ɗanku ɗanmu ne, matan maƙwabta duk Musulmi suka yi ta shigowa da ƙwarya, wannan gero wannan ƙwai wannan gyaɗa, wata tsohuwa tace ita ta yi wa surukata wankan jego. Ni da nake kwana ina kuka a Jos ina cewa yarinyar nan ta haihu ba uwa kusa. Ban ce babu haɗari ba, akwai, amma na ga mutanen da yake zaune a cikinsu da idona.

Direban masaukin ne ya kai mu ƙauyen ya dawo da mu, kuma a hanya ya riƙa nuna mana abubuwa. Ya nuna mana gonakin gero cike da itatuwa, gawo da kalgo da sabara a tsakiyar gona, yace da can duk fili ne fetal, manoma ne suka koma barin kututture ya tofo suna sassabe shi suna barin reshe mai ƙarfi, aikin da wani ɗan mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa tare da manoman yankin Maraɗi a shekarun 1980. Maigida manomi ne, sai da ya sa aka tsaya ya sauka ya duba yadda suke yankan. Ya kuma nuna mana asibitin Danja da mishan na SIM suka kafa don masu cutar kuturta, yana kan hanyar da ta fito daga iyaka kafin a shiga gari. SIM ɗin nan dai ita ce ta haifi ECWA tamu, sun shiga Nijar tun 1924 ta Damagaram, babban asibitinsu na Galmi kuma tun 1950 yake aiki, garin da ake kawo albasar nan mai suna. Ban san aikin ya daɗe haka a ƙasar ba sai da na je, na ji daɗi da na ga ɗana ba shi kaɗai bane kuma ba shi ya fara ba.

Ran Lahadi Maman gida ta tafi da mu sujada a majami'arsu a cikin gari. Da Hausa aka yi, ana fassara wasu wurare da Faransanci, waƙoƙin kuma yawanci waɗanda muka sani ne tun muna yara, na rera ba tare da na duba littafi ba. Aka tashe mu tsaye aka ce ga iyayen mai bishara daga Najeriya, bayan an tashi mata suka kewaye ni da gaisuwa, sannu da hanya Mama, sannu da ba da ɗa. A masaukin ma kowace safiya akwai gajeriyar addu'a a ƙarƙashin bishiya, ba dole bane, wanda ya so ya fito.

Lokacin zuwa, ku zaɓi sanyi, Disamba zuwa farkon Fabrairu. Afrilu da Mayu zafin Maraɗi na wuce digiri 40 kuma ɗakunan nan ba na'urar sanyaya ɗaki, fanka ce kawai, dattijo mai hawan jini ba zai ji daɗi ba. In da sanyi ne kuma ku zo da bargo naku domin nasu siriri ne, da man shafawa saboda hunturun can ya fi namu bushewa.

Yanzu makin da na riƙe. Banɗaki ne. Na tsuguno ne, ba abin riƙewa a bango, kuma ƙasan siminti ne mai santsi in ya jiƙe. Maigida da gwiwarsa ya sha wuya ƙwarai, har sai da ɗana ya je wurin kafinta aka yi masa wata kujerar katako mai rami muka riƙa ɗorawa, mun bar musu ita a can don wani dattijon da zai zo bayanmu. Na faɗa wa Maman gida baki da baki kafin mu tafi, tace ta sha kai maganar gaban dattawan ekklesiya kuɗi ne babu. To ni ina roƙon dattawan, ko ɗaki ɗaya ne a gyara a sa masai na zama da ƙarfen riƙewa a ware shi don tsofaffi, a ɗinke gidan sauron da ya yage a ɗaki na ƙarshe, a sayi littafi a riƙa rubuta sunan wanda ya kama ɗaki. Mun riga mun yi magana da wasu mata a zumuntarmu za mu haɗa abin da ya sawwaƙa mu aika ta hannun ɗana a kan maganar banɗakin, wadda take so ta sa hannu ta same ni bayan sujada.